Kai, Wayo da Hayyaci: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Tambayoyin da suka taru wannan karon daga Makka, Madina da Jidda kusan duk wuri ɗaya suka faɗa, wato kalmomin da Bahaushe yake kiran kansa da su, da yadda mutum yake fara sanin akwai shi. Na haɗa su a zama ɗaya.

Tambaya daga wani ɗalibi a Madina: Malam, me ya sa muke cewa "ni da kaina" alhali Balarabe "binafsi" yake cewa? Kai ai gaɓa ce kawai. Ƙannena a gida har "ni da nafsina" suke cewa. Kuskure ne?

Amsa: Kuskure ne, ɗana, ka hana su tun bakinsu bai saba ba. Nafsi tana da gurbinta a Hausa, a bakin malamai wajen tafsiri da wa'azi: ammara ta Suratu Yusuf, lawwama ta Suratul Ƙiyama, muɗma'inna ta ƙarshen Suratul Fajri. Amma aikin mayar da aiki kan wanda ya yi shi, kamar "ta cuci kanta", "ya yabi kansa", "sun ruɗi kansu", wannan na kai ne, ba a raba shi da kowa ba.

Kowane harshe akwai abin da ya ɗauka a jikin mutum ya ce shi ne mutumin. Larabci ya ɗauki nafs, wadda gidansu ɗaya da nafas, numfashi. Bayarabe ya ɗauki ara, jiki. Bafulatani ya ɗauki hoore, kai, kamar mu. Maƙwabtanku Habashawa masu Amharanci su ma ras suke cewa, kai ke nan. Saboda haka ba mu kaɗai ba ne, kuma babu abin kunya a ciki. Shi ya sa "ya wanke kansa" take da fuska biyu: ko ya sa sabulu a suma, ko ya kuɓuta daga zargi. Sai yanayin magana ya raba gardama.

Abin da ƙannenka suke asara shi ne wannan: abin da Larabcin titi yake cusawa a nafsi guda, Hausa ta raba shi gida uku. Inda ake maganar matsayi da hali, kai ne: girman kai, son kai, kamun kai, ƙasƙantar da kai, 'yancin kai. Inda ake maganar sha'awa da jin daɗi ko ɓacinsa, rai ne. Ɗan Hijaz zai ce nafsinsa na son shayi, Bahaushe ya ce ransa ya biya, ko ransa ya ɓaci, ko ransa ya yi fari. Inda ake maganar zancen ɓoye da mutum yake yi shi kaɗai, zuciya ce: "na ce a zuciyata", zuciyar mutum birninsa. Wanda ya mai da ukun nan nafsi ya zubar da biyu.

Tunda an taɓo wurin, masu rubutu a waya su ji. Kansa, kanta, kanmu, a haɗe ake rubuta su. Wasalin "ai" yana gajarcewa idan ya haɗu da "n" ta mallaka, shi ya sa kai ya zama kansa, rai ya zama ransa, mai ya zama mansa, amma a wajen mai magana ya tsaya cik: kaina, raina, maina. "Kan sa" a rabe wata magana ce daban, irin ta "zafi yakan sa mutum kasala".

Tambaya daga wata uwa a Jidda: 'Yata tana da shekara ɗaya da wata takwas. Da can in ta ga madubi sai ta riƙa lasarsa tana leƙa bayansa. Yanzu in ta gani sai ta shafa gashinta ta sunkuyar da kai. Kakarta ta ce ta fara wayo. Ni kuma na san wayo yaudara ce. Mene ne ainihin ma'anarsa?

Amsa: Hajiya, kakar ta fi ki gaskiya. Wayo iri biyu ne a bakin Bahaushe. Akwai na "ya yi mini wayo", wanda Turancin kasuwa na Najeriya ya ara ya riƙe shi kaɗai, har yaran yanzu suka ɗauka shi ke nan ma'anar. Akwai kuma na "tun ban yi wayo ba muka zo Makka", "na yi wayo na tarar kakana ya makance". Wannan na biyu ba shi da alaƙa da cuta. Farkawar yaro ce ga cewa akwai shi, daban da uwarsa, daban da sauran mutane. Masu fassara da suke ta lanƙwasa "sanin kai" a duk inda suka rasa kalma, da sun saurari tsofaffi da sun huta.

Abin da kika gani a gaban madubi, masu nazarin yara sun daɗe da mai da shi gwaji. Gordon Gallup ne ya fara a Amurka a 1970, da birai irin cimfanzi. Bayan sun saba da madubi sai aka sa su barci da magani, aka shafa musu jan launi marar ƙamshi a saman gira da kunne. Da suka farka suka ga madubi, hannunsu ya tafi kan tabon da ke jikinsu. A 1972 Beulah Amsterdam ta buga irin wannan gwaji a kan yara 88, 'yan wata 3 zuwa wata 24, da ɗigon ja a gefen hanci. 'Yan ƙasa da shekara suna ɗaukar na cikin madubi abokin wasa ne. Daga nan sai a shiga lokacin ɗari-ɗari da shi. Tsakanin wata 18 zuwa 24 ne galibin yara suke kai hannu fuskarsu.

In kina son gwadawa, ga yadda ake yi. Ki lakaci jan baki kaɗan a yatsa, ki yi kamar kina share mata fuska, ki bar ɗigo a goshi ko gefen hanci inda idonta ba zai gani ba sai da madubi. Ki bar ta ta yi wasa na wasu mintoci, ki tabbatar ba ta taɓa wurin ba. In ta taɓa tun kafin madubi, ta ji shi ne a fata, gwajin ya lalace. Sannan ki kai ta gaban madubi ki yi shiru. Hannun za ki kalla: madubin ya nufa ko goshin? Abin da yake ɓata gwajin a gida uku ne. Abin shafawa mai ƙamshi ko mai sanyi, sai 'yan kallo da ba sa iya riƙe dariya, sai uwa da ta ƙagu ta ce "mene ne wannan a goshinki?"

Akwai na huɗu, wanda ya fi shafar mu. Yaron da ya saba a ɗiga masa kwalli, a shafa masa mai, a ce kada ya goge, yana iya gane tabon sarai ya bar shi, don ya ɗauka babba ne ya sa. An gwada yara 82 a ƙauyen Kenya, wasunsu sun kai shekara shida, biyu kacal suka taɓa tabon. Sauran suka ƙame suna kallon kansu. Babu mai hankalin da zai ce ɗan shekara shida bai san fuskarsa ba. Tarbiyya ce ta riƙe hannun. Don haka in taki ba ta goge ba, kada ki tashi hankalinki. Abin da ya cancanci ganin likita daban ne: yaron da ya cika shekara ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ya kai shekara ɗaya da rabi ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi. Nan ma kunne ake fara dubawa.

Kuma wayo ba ƙofa ɗaya ba ce da ake buɗewa rana guda. Jariri sabon haihuwa, in yatsan wani ya taɓa kumatunsa yakan juya da baki yana neman nono fiye da in hannunsa ne ya taɓa. Ke nan jiki ya fara rarrabe nasa da na wani tun babu magana. Sai lokacin madubi, wanda yake zuwa tare da "nawa ne!" da "ni zan yi!", dab da yaye. Sai wajen shekara uku zuwa uku da rabi, inda abin da mutum zai iya tunawa har girmansa yake farawa ga yawancin mutane. Wannan shi ne wayon "na yi wayo na tarar". Abin da ya faru kafin nan galibi labari ne aka ba shi, ko da ya rantse ya gani.

Sai wajen shekara huɗu, kuma nan ne na fi son a tsaya. Wasu masana biyu, Heinz Wimmer da Josef Perner, sun fito da wani gwaji a 1983 wanda za ki iya yi da dabino. Yaro na kallo, yayarsa ta sa dabino a ƙarƙashin kofi ta fita. Ki ɗauke ki mayar cikin tukunya. Ki tambaye shi: in ta dawo, ina za ta fara dubawa? Ɗan shekara uku zai ce tukunya, don a wurinsa abin da ya sani kowa ya sani. Ɗan huɗu zuwa biyar zai ce kofi, sau da yawa yana murmushin mugunta. Ya gane abin da ke kansa ba shi ne a kan yayarsa ba. To, daga ranar ne zai iya shirya ƙarya mai tsayawa da ƙafarta, domin ba ka yaudarar mutum sai ka san akwai abin da ka sani shi bai sani ba. A ganina wannan ne ya sa Hausa ba ta ga buƙatar kalma biyu ba. Wayon farkawa ne yake haifar wayon dabara.

Bayansa akwai tamyizi na malaman fiƙihu, yaron da yake fahimtar magana ya mayar da amsa daidai, wanda ake kintata shi da shekara bakwai ta umarnin salla. Can gaba kuma akwai mallakar hankalin kai, wadda ko balaga ba ta lamunce ta. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, yana ci gaba da nuna har wajen shekara 25.

Tambaya daga Makka: Ƙiwa da kunya a wurin yaro abu ɗaya ne?

Amsa: A'a. Ƙiwa tana zuwa wajen wata takwas, tsoron baƙuwar fuska ce, da kuka da maƙale uwa. Kunya sai bayan shekara ɗaya da rabi, da murmushi da sunkuyar da kai, don sai yaro ya san ana kallonsa zai ji ta. Mai ƙiwa baƙo yake gani, mai kunya kansa yake gani a idon baƙon.

Tambaya daga wani tela a Jidda: Hankali Hausa ce ko Larabci?

Amsa: Aro ce, Malam, daga aƙal na Larabci, tsohon aro da ya sha tafiya har ya sake kama. Barebari suna cewa hangal, Fulani hakkiilo, masu Sawahili akili. Ka dubi baƙar igiyar da Larabawan nan suke ɗorawa a kan mayafin kansu, iƙal, wadda suke furtawa igal. Sunan igiyar dabaibaye raƙumi ne, kuma tushensu ɗaya da aƙal. Wato a wurin Balarabe hankali dabaibayi ne, abin da yake hana mutum bazama. Bahaushe ya karɓa ya ƙara masa aiki: a hankali, yi hankali, kwanciyar hankali, jan hankali, har ya ce hankali ke gani, ido gululu ne.

Tambaya daga wata malamar Islamiyya a Makka: Na ji ana cewa "lamirinsa ya dame shi", na kuma ga lamiri a darasin nahawun Hausa. Kalma ɗaya ce?

Amsa: Ɗaya ce, Malama, kuma kin san ta: damir ce. Harafin ladi na Larabci yakan zama "l" a tsofaffin kalmomin aro, shi ya sa ƙadi ya zama alƙali, wudu'u ya zama alwala, farida ta zama farilla, darura ta zama lalura. Damir a Larabci abin da aka ɓoye ne a ciki, don haka ya zama sunan muryar da take tuhumar mutum, ya kuma zama sunan kalmomi irin su "ana" (ni) da "anta" (kai) da "huwa" (shi) a nahawun Larabci. Masu nahawun Hausa sun ɗauke ta suka ba ƙananan kalmomin nan da suke gaban aikatau, irin na, ka, ya, ta, mun. Ki lura da ƙananan ɗalibanki. Yaro yakan fara kiran kansa da sunansa kafin ya iya "ni", domin suna ba ya motsi, amma "ni" da "kai" suna sauya mai su duk lokacin da magana ta koma wani baki.

Tambaya daga wani mai yi wa alhazai hidima a Mina: Muna cewa alhaji ya suma, ya fita hayyacinsa, hankalinsa ya gushe, duk a kan abu ɗaya. Akwai bambanci?

Amsa: Akwai, Alhaji, kuma a aikinka bambancin yana iya zama na rai da mutuwa, don haka ku daina cakuɗa su. Wanda ya suma ya faɗi, ba ya amsawa. Wanda ya fita hayyacinsa idonsa biyu, yana iya tafiya, yana iya magana, amma ba ya tare da ku. Hayyaci kalma ce da kusan ba a jin ta sai da fita ko dawowa ko "yana cikin", kamar ɗaki ne da mutum yake zaune a ciki. Gushewar hankali ta fi faɗi, ita ce ta babin abubuwan da suke warware alwala, ta haɗa suma da maye da hauka da barci mai nauyi. Taɓin hankali kuwa ciwo ne mai daɗewa, kada a liƙa wa wanda rana ta buga.

Yadda ma'aikatan asibiti suke auna hayyaci tambaya uku ce: wane ne kai, ina ne nan, yau wace rana ce. Galibi lokaci ne yake fara kuɓucewa, sai wuri, sunan mutum shi ne na ƙarshen tafiya. Saboda haka kada ka ce alhaji lafiyarsa lau don ya faɗi sunansa. Tambaye shi jifa ta nawa ake yau, kuma a wane gari yake. In ya ce yana Funtuwa zai tafi gona, ga jiki zafi rau, to bugun rana ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, abin da yake faruwa in zafin jiki ya kai digiri 40 ko ya wuce. A kai shi inuwa nan take, a sassauta tufafi, a jiƙa shi da ruwan sanyi ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, a kira motar asibiti a 997. Ba a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, zai shaƙe. A hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, a makon da zafi ya haura digiri 51 a Makka.

Tambaya daga wata ɗaliba a Madina: "Bai san ciwon kansa ba", ciwon kai na Panadol ake nufi?

Amsa: A'a, 'yata. Kai a nan na "ni da kaina" ne. Mutumin da bai san abin da ya dame shi ba, bai san abin da zai amfane shi ko ya zubar masa da mutunci ba, shi ake nufi.

Sai dai maganar tana da wata gaskiya ta zahiri da likitoci suka sani. Muna cewa jiki magayi, amma akwai ranar da ba ya faɗa. Wasu masu shanyewar ɓarin jiki, musamman in ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu hagu ya shanye, sukan musanta cewa akwai abin da ya same su. Ka ce ya ɗaga hannun hagu, hannun na kwance, ya ce ai ya ɗaga, ko ya ce gajiya ce kawai. Wani ma ya ce hannun ba nasa ba ne. Likitan Faransa Joseph Babinski ne ya ba abin suna a 1914. Dangi sukan ɗauka taurin kai ne su yi ta faɗa da shi, alhali wurin da yake kai wa mutum rahoton jikinsa ne ya lalace. Abin tsoro a nan faɗuwa ce, don zai yunƙura ya sauka daga gado da ƙafar da ba ta ɗaukarsa. Ga yawancinsu abin yakan sassauta cikin kwanaki ko makonni.

Tambaya daga wani direba a Jidda: Abokin aikina ɗan Sudan yakan ce raƙumi ba ya ganin karkatar wuyansa. Muna da irinta?

Amsa: Muna da ita: gwano ba ya jin warin jikinsa. Kada ka haɗa ta da "laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani", kamar yadda masu wa'azin rediyo suke jera su a numfashi ɗaya. Mai tudu ya san nasa, takawa ya yi. Gwano kuwa da gaske ba ya ji. Kuma haka aka gina mu. Hanci yana daina kai rahoton warin da ya daɗe tare da shi, kamar yadda mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli, saboda ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya tana hasashen abin da hannunka zai yi ta rage ƙarfin jinsa tun kafin ya iso. Ta raƙumin abokinka ta fi kusa da gwano.

Tambaya daga Makka: Kurwa ita ce ruhi?

Amsa: Ba ita ba ce. Ruhi na littafi ne, wanda aya ta 85 a Suratul Isra'i ta ce yana daga al'amarin Ubangiji. Kurwa ta tsohon tunanin Bahaushe ce, wadda ake cewa maye yana kamawa mutum na raye yana ramewa. Mai fassara ruhi da kurwa a tafsiri ya shigo da maita masallaci.

Tambaya daga wani ɗalibin ilimi a Madina: "Wanda ya san kansa ya san Ubangijinsa", karin maganar Hausa ce ko hadisi?

Amsa: Ko ɗaya. Fassara ce ta "man arafa nafsahu faƙad arafa rabbahu", ta shigo Hausa ta zauren malamai. Imamu Nawawi ya ce ba ta tabbata daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba, kuma akwai malaman da suka jingina ta ga Yahaya ɗan Mu'azu Arrazi. Ka faɗe ta a matsayin maganar magabata. Ka kuma lura da abin da mai fassarar farko ya yi da nafsahu: "kansa" ya ce.